Abin da na gani a kwamfutar Anti

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abu, sau uku ina farawa ina gogewa, saboda duk yadda na juya labarin ni ne dai a tsakiyar laifin, ba yadda za a yi in wanke kaina. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba kuma ba zan faɗi sunan kowa ba, mutanen da asirinsu ya tonu ta hannuna sau ɗaya bai kamata in ƙara tona su ba. Ita ma baiwar Allahn da labarin ya fi shafa sai da na nemi izininta, tace in rubuta amma kar in sa abin da za a gane ta.

Ni ɗan Kano ne, HND na yi a ɓangaren kwamfuta, bayan bautar ƙasa na yi kusan shekara biyu ina gyaran waya a Farm Centre kafin Allah Ya haɗa ni da aiki a 2019 ta hanyar abokin yayana. Kamfani ne na rarraba kayan masarufi, taliya, man girki, sabulu, madara, ana saro su daga masana'antu a kai wa 'yan kasuwar Singa da garuruwan Jigawa da Katsina. Mu wajen hamsin ne har da direbobi da masu lodi. Ni ne mai kula da kwamfutoci da intanet da firinta da duk wani abu mai waya a jiki, kowa Injiniya yake ce min har mai kamfanin, wanda a nan zan riƙa ce masa Alhaji.

Sa ido a wurinmu ba da ɓarna ya fara ba, wannan sai na faɗa don kar in zalunci Alhaji. A 2020 dizal yana ta ɓacewa, mota za ta tafi Haɗeja ta dawo a ce ta sha man da zai kai ta Maiduguri, sai aka ce in nemo masu sa tiraka a motoci. Aka sa. Aka tara direbobi a filin lodi manaja ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa daga yau duk inda mota ta taka ana gani, da gudun da take yi da inda ta tsaya da minti nawa ta yi. Aka sa kyamara a sito da wurin kashiya, aka kawo na'urar dangwala yatsa ta shigowa da tashi. An yi ta guna-guni kam amma kowa ya san da abin, kyamarar ga ta nan a sama kowa na kallonta.

Akwai wani dattijon direba da muke ce wa Baba, wata rana tiraka ta nuna motarsa ta tashi ƙarfe biyun dare a wani ƙauye bayan Gumel ta yi tafiyar kusan kilomita ashirin ta dawo. Manaja har ya fara rubuta masa takardar tuhuma. Kafin a kira shi sai ga shi da kansa da sassafe yana cewa yallaɓai na san za ku gani a na'urarku, matar mai masaukina ce naƙuda ta zo mata da gardama ba mota a garin na kai ta asibiti, in za a cire kuɗin man a albashina a cire. Ba a cire ba. A lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba, sai daga baya na gane cewa Baba ya samu damar kare kansa ne saboda ya san ana kallonsa, ya san me ake gani, ya san wa zai je ya yi wa bayani.

Farkon 2022 ne abin ya canza. Farashinmu na sirri, wanda ake ba manyan kwastomomi, ya riƙa fita waje, duk ragin da muka yi sai wani kamfani ya riga mu zuwa wurin kwastoma da ƙasa da namu da naira hamsin ko ɗari a katan. Wata ranar Laraba bayan la'asar Alhaji ya kira ni sama ya ce in turo ƙofa. Yace, "Injiniya, akwai abin da za a sa a kwamfutocin nan in riƙa ganin abin da kowa yake yi?" Nace akwai ranka ya daɗe. Wallahi har wani daɗi na ji a raina, an zo fagena, Alhaji da kansa yana neman shawarata ƙofa a rufe. Yace to a sa, amma kar kowa ya sani, ko manaja. Ƙarshen watan na ga ƙarin dubu talatin a albashina.

Ranar Asabar na shigo na sa manhajar a kwamfutoci goma sha huɗu, maigadi ya tambaye ni nace maganin bairos nake sabuntawa. Bari in yi bayanin yadda irin wannan abu yake aiki don da yawa ma'aikata ba su sani ba. Duk bayan minti biyu tana ɗaukar hoton abin da ke kan allon kwamfutarka, duk harafin da ka danna tana rubutawa har fasawod ɗinka na banki da na Facebook da saƙon da ka rubuta ka fasa turawa ka goge, duk shafin da ka buɗe tana lissafawa da mintunan da ka yi a kai, sannan ta tura komai wani shafi a intanet wanda ni da Alhaji kaɗai muke da mabuɗinsa. Ba ta fitowa a allo, ba alamar komai. Kuma ita ba ruwanta, ba ta bambance takardar lissafin kamfani da hirarka da mahaifiyarka.

Ga inda babbar matsalar take. Kamfani bai taɓa saya wa kowa layin aiki ba, da lambarka ta kanka kake karɓar odar kwastoma a WhatsApp, don haka kusan kowa da safe yana zuwa zai haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutar ofis don ya ji sauƙin tura rasit da lissafi. Mu muka koya musu hakan, ni da hannuna na nuna wa wasu yadda ake yi. Kenan hirar kwastoma da ta mata da ta 'yan uwa da guruf ɗin dangi duk a allo ɗaya suke, duk kuma suna zuwa wurina.

Cikin sati uku aka kama mai fitar da farashin, wani yaro ne a sashen talla, yana turawa ta imel ɗinsa. Aka nuna masa hujja ya amsa aka sallame shi. Ba zan ce abin bai yi aiki ba, ya yi. Na koma sama nace ranka ya daɗe tunda an samu wanda ake nema in cire? Yace, "Bar shi Injiniya, mai dukiya ba ya barci." Ban ƙara cewa komai ba, na sauko.

Alhaji ba shi da lokacin duba dubban hotuna, sai ya ɗora min, duk Juma'a kafin a tafi masallaci in kai masa abin da ya kamata ya sani a filash, musamman masu zaginsa, masu zaman banza a YouTube, da masu neman aiki a wani wuri. Don in tace dole in karanta komai. Cikin wata biyu na san wanda manhajojin bashi suke bi suna barazanar tura wa mutanen wayarsa saƙo, na san wanda albashinsa ke ƙarewa a cacar ƙwallo, na san wanda ke neman aure na biyu uwargida ba ta sani ba, na san wadda aurenta ke tangal-tangal. Sai mu tsaya sahu ɗaya a masallacin ofis kafaɗa da kafaɗa da mutum, yana gaishe ni da fara'a bayan sallama ni kuma ina ɗauke da abin da ko ɗan uwansa na ciki ɗaya bai sani ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na fara jin daɗin abin. Ba don Alhaji ba kuma, don kaina. Da daddare a gida in buɗe laftof in ga ina labarin wane ya kwana, sun shirya da matar ko ba su shirya ba. Matata ta taɓa tambayata wai wane irin aiki ne wannan da ba ya ƙarewa kuma in ta matso sai in rufe, nace sirrin kamfani ne.

Yanzu bari in zo kan Anti. Ita ce akantarmu, ta kai shekara arba'in da biyar, tun kamfanin yana shago ɗaya take tare da Alhaji, shekara goma sha ɗaya. Mace mai tsare gida a kan kuɗi, ko naira ɗari biyu ce ba rasit ba za ta sa hannu ba, amma in ba a kan lissafi ba uwa ce. Ƙanina take ce min. Lokacin da matata ta haihu ita ta fara zuwa barka daga ofis da turmin atamfa da sabulai, lokacin da mahaifina ya kwanta ita ta shiga ta fita aka ba ni rabin albashi tun kafin wata ya ƙare. In ta yi dambu a gida sai ta zubo min a kula ta ajiye a teburina.

Watan Oktoban 2022 ina tace hotunan ranar Talata sai na ci karo da hirarta da yayarta da ke Kaduna, lokacin hutun azahar ne, ba ma lokacin aiki ba. Ta samu ƙullutu a mama, an yanki ɗan nama an kai gwaji, likita ya ce mata ta shirya wa kowane irin sakamako. Ta rubuta cewa ba ta gaya wa Hajiyarsu ba saboda hawan jininta, baban yara ma sai sakamako ya fito, a ofis kuwa mutum ɗaya ta gaya wa, kashiyarmu, wata yarinya da ta ɗauka kamar 'yar cikinta. Akwai wasu maganganu na tsakanin mace da 'yar uwarta a kan tsoronta da kan aurenta waɗanda ba zan maimaita ba har in mutu. Ya kamata tun layin farko in rufe. Ban rufe ba, na karanta har ƙarshe, na koma hotunan jiya da shekaranjiya na nemo farkon zancen.

A ranar dai, wajen ƙarfe uku, ta tura takardunta na neman aiki wata ƙungiya. Dalilin a fili yake a cikin hirar, can suna yi wa ma'aikata inshorar lafiya mu kuwa babu, tana lissafin kuɗin aiki da na magani ne tana ganin ba za ta iya ba.

Daren Alhamis na zauna da filash a hannu. Neman aiki yana cikin abin da aka ce in kai. Na san zan iya ɗaukar hoto ɗaya na imel ɗin in bar sauran, na kuma san zan iya yin shiru gaba ɗaya. Sai zuciya ta ce min Alhaji ma yana da mabuɗi, in ya shiga wata rana ya ga ka ɓoye fa? Ga haya ta kusa, ga jariri. Na ce wa kaina ai kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma wataƙila ma in ya ga halin da take ciki ya taimaka mata. Na kwafi foldar ranar gaba ɗaya na sa.

Bayan sati biyu ya kira ta sama. Abin da ya ce mata, kamar yadda ta gaya min daga baya, shi ne ya samu labarin ba ta da lafiya za a yi mata aiki, kuma ya ji tana neman wani wuri, to ta je ta kula da lafiyarta, ga albashin wata biyu, lissafin kamfani ba ya son mai rabin hankali a wani wuri. Shekara goma sha ɗaya.

Ofishina yana kallon barandar da ake saukowa, ƙofata a buɗe take. Na ga ta sauko tana riƙe da ambulan, ba ta shiga ofishinta ba, kai tsaye ta wuce wurin kashiya. Ba ta ɗaga murya ba, ni dai na ji saboda kusa nake. Tace, "Ke kaɗai na gaya wa. Ke kaɗai a duk gidan nan." Yarinyar ta miƙe tana cewa Anti me ya faru, Anti wallahi tallahi ban gaya wa kowa ba, ta jawo ƙaramin Alƙur'anin da take ajiyewa a durowa tace Anti ga shi in dafa miki. Anti tace ajiye, kar ki ƙara wa kanki wani zunubin. Ta shiga ta haɗa kayanta a leda biyu, kofin shayinta da dardumarta da kalkuleta, da za ta fita ta leƙo wurina tace, "Ƙanina na tafi, a yafe ni, ka gaida mai jego." Nace Allah Ya ba da lafiya Anti. Abin da na iya cewa kenan, ina zaune gaban kwamfutar da komai ke ciki.

Daga ranar kashiya ta zama abar gudu. In ta shigo wuri sai a yi shiru, 'yar rahoto ake ce mata a bayan ido, ni ina karanta abin da ake rubutawa a kanta a guruf ɗin da suka buɗe ba ita, ina kuma karanta abin da ita take rubuta wa ƙawarta tana cewa ba ta san me ta yi wa Allah ba. Zancen ciwon ya bazu a ofis, daga ofis ya fita, har ya kai kunnen Hajiyarsu Anti ta bakin matar wani direba da ta je dubiya ba ta san ɓoyewa ake ba. A watan Janairu, daidai lokacin da ake wahalar takardun kuɗi ana kwana a layin banki, yarinyar ta ajiye aiki ba tare da ta samu wani ba. Ofis kuwa ya lalace, kowa na zargin kowa, mutane suka daina cin abinci tare.

Azumin 2023 ina zuwa tafsiri a masallacin unguwarmu bayan tarawihi. Wata rana aka zo Suratul Hujurat aya ta 12, inda Allah Ya hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane da giba, wa la tajassasu. Tun ina Islamiyya na haddace ayar, amma a kaina ta maƙwabci mai leƙen katanga ce da mace mai binciken wayar miji, ban taɓa kawo ta kan aikina ba, ni ai injiniya ne ina aikin da aka sa ni. Sai malam ya kawo hadisin da ke cikin Bukhari cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar alƙiyama. Ya ƙara da na Abu Dawud daga Mu'awiya, cewa in ka bibiyi al'aurar mutane za ka lalata su ko ka kusa lalata su. Ina zaune na ji kamar ofishinmu ake siffantawa, jikina ya yi sanyi.

Da aka tashi na bi malam har bakin motarsa nace Allah gafarta malam ina da tambaya ta sirri. Na ba shi labari a gajarce, na ƙare da hujjar da na daɗe ina lallashin kaina da ita, nace amma kwamfutar ta kamfani ce, intanet ɗin ma na kamfani ne. Yace, "Ɗana, in ka ba baƙo ɗaki a gidanka, ɗakin naka ne, to sai ka huda bango ka riƙa leƙensa yana canza kaya?" Yace mai dukiya yana da haƙƙin tsare dukiyarsa, ya sa maigadi ya sa kyamara ya binciki lissafi, amma ya sanar, kuma ya tsaya a kan dukiyar. Yace istigfari kaɗai ba zai isar min ba tunda haƙƙin mutane ne, sai na je na same su.

Sai bayan sallah da sati biyu na iya. Na kira mijinta na nemi izini, muka je da matata. An riga an yi mata aikin, tana karɓar allurar cutar kansa, ta rame sosai, tana zaune a kafet ta jingina da kujera an rufa mata bargo duk zafin da ake yi. Ta ji daɗin ganinmu har tana ce wa 'yarta a kawo wa ƙanina lemo, ta karɓi yaronmu ta ɗora a cinya. Na kasa shan lemon. Nace Anti wata magana ce ta kawo ni, kuma ina so Abban su ya zauna ya ji. Na faɗi komai, tun daga ranar Asabar ɗin har filash ɗin daren Alhamis, ban ce Alhaji ne ya tilasta ni ba don bai ɗora min wuƙa a wuya ba.

Ta daɗe ba ta yi magana ba, fanka kawai ake ji. Ta miƙa wa matata yaron. Sannan tace, "Duk abin da na rubuta wa Yaya ka karanta?" Nace eh Anti. Tace, "Duka?" Nace duka. Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Mijin ya miƙe tsaye, na ɗauka duka na zai yi kuma da ya yi ba zan ɗaga hannu ba, sai ya fita tsakar gida kawai. Da ta buɗe fuskar ba zancen aikin ta yi ba, ba zancen ciwon ba, cewa ta yi, "Yarinyar nan ta ɗauko Alƙur'ani na ce ta ajiye. Wata bakwai ina kwana da ita a raina ina cewa Allah Ya isa." Ta sa aka miƙo wayarta ta kira ta a gabana, tana kuka tana ba ta haƙuri, sannan ta miƙo min wayar tace gaya mata da bakinka. Na gaya mata. Ba ta ce komai ba, na ji numfashinta, ta kashe.

Da za mu tafi Anti tace, "Ka je Injiniya." Ba ta ce ƙanina ba, ba ta kuma ce ta yafe ba.

A watan Yunin shekarar shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, NDPC. Na sauke ta na zauna na karanta, abin da ya kamata in yi da irinta tun kafin in taɓa kwamfutar kowa, don tun 2019 akwai ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar a kan haka, kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Dokar ta ce in za ka tattara bayanan mutum sai da halastaccen dalili, ka sanar da shi, ka ɗauki iya abin da dalilin ke buƙata, kar ka riƙe fiye da lokacin da ake buƙata, bayanin lafiyar mutum kuwa yana cikin waɗanda aka fi tsanantawa a kai. Ba ɗaya da muka cika. Ina cikin bincike na ga shari'ar wani injiniya ɗan Romaniya, Barbulescu, da aka kora a 2007 bayan kamfaninsu ya karanta hirarsa ta Yahoo Messenger da ɗan uwansa da budurwarsa, ya yi shekara goma yana bin haƙƙinsa har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba shi gaskiya a 2017, saboda ba a sanar da shi tun farko irin sa idon da za a yi da iyakarsa ba. Shi ma har da zancen lafiyarsa a abin da aka karanta. A Jamus kuma an ci kamfanin tufafi na H&M tarar sama da yuro miliyan 35 a 2020 saboda manajoji suna rubuta cututtukan ma'aikata da matsalolin gidajensu suna ajiyewa.

Na buga shafukan da suka dace na hau sama. Alhaji ba mugun mutum ba ne a yadda mutane suka san shi, yana rabon shinkafa da azumi, ya kai ma'aikata biyu Makka, shi ya sa ma abin ya fi ba ni tsoro, shi har zuciyarsa bai ga ya yi laifi ba. Yace kwamfuta tasa, intanet nasa, lokacin ma ya biya. Nace ranka ya daɗe lokacin aikinsu ka saya ba asirinsu ba, na ba shi misalin malam na ɗakin baƙo, na karanto masa ayar. Ya yi shiru. Da na nuna masa inda aka ce tara za ta iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani na shekara, duk wanda ya fi yawa, sai ya gyara zama ya ce to me kake so a yi.

An yi wasu, an ƙi wasu. Ya yarda na cire manhajar daga kwamfutocin duka, na goge hotunan wata goma sha bakwai. Ya yarda aka rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa da Turanci kowa ya sa hannu, ga abin da ake dubawa, imel ɗin kamfani, manhajar lissafi, tiraka, kyamarar sito da ta kashiya, ga wanda ke dubawa. An sayi layuka shida na hulɗa da kwastoma. Amma yace ba za a gaya wa kowa abin da ya wuce ba, kuma zancen a biya Anti wani abu ko a dawo da kashiya kar in ƙara kawo masa.

Ni kuma na san fasawod ɗin bankin mutum goma sha uku sun bi ta idona da na Alhaji. Na bi su tebur tebur nace kowa ya canza na banki da na imel da na Facebook yau ɗin nan. Wanda ya tambayi dalili na gaya masa gaskiya. Wani ya zage ni har iyayena, wani ya tambaye ni a hankali me da me na gani nasa na kasa kallon idonsa, mai neman auren nan bai ƙara yi min magana ba. Kafin la'asar zance ya kai sama. Ba a kore ni ba amma zaman ya gagara, a Disamba na ajiye.

Yanzu aikin kaina nake, ina sa kyamara a shaguna da gidaje. Kusan duk wata sai an samu wanda zai ja ni gefe ya ce akwai wadda ba a gani, ko mai ɗaukar murya a ɗakin da yaran shago ke cin abinci, ko abin da za a sa a wayar madam. Ina ce musu ni a fili nake sawa kuma sai an liƙa takarda a ƙofa cewa akwai kyamara. Wasu su yarda, da yawa su nemi wani.

Anti tana nan da rai alhamdulillah, ta gama allurai tana zuwa asibiti duk bayan wata uku, tana yi wa wasu 'yan kasuwa lissafi daga gida. Wata biyar bayan zuwanmu ta turo min saƙo layi biyu, tace ta yafe nata don tana son Allah Ya yafe mata, amma na yarinyar ba a hannunta yake ba. Kashiya kam har yau ba ta ɗaga wayata. Na tura matata gidansu sau biyu, mahaifiyarta ta karɓe ta da mutunci tace a ba ta lokaci. Kwanaki na tsaya cire kuɗi a wata rumfar POS a titin gidan zu, ina miƙa kati na ga ita ce a ciki. Nace ina wuni. Ta karɓi katin ta sa a na'ura, ta juyo min da ita ta kawar da kanta gefe har na gama danna lambobina, ta ƙirgo kuɗin ta ajiye a kan katako ta ce wa na bayana ya matso.